Yadda Ake Bin Salsalar Tsohuwar Kalmar Karkarar Ingila: Misali da Kalmar "Nesh"

Duk wanda ke nazarin Turanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, da malamin sakandaren da aka damƙa wa koyar da adabin Ingila, ba za su daɗe suna karanta littattafan ƙarni na 19 ba sai sun yi kiciɓis da kalmar da ƙamusun aljihu bai san da zamanta ba. Galibi irin wannan kalma daga bakin manomi ko ɗan ƙwadago take fitowa a cikin labarin, domin marubucin ya sa shi ya yi magana da karin harshen yankinsu. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu kintaci ma'anarta daga maganar da ke kewaye da ita mu wuce, to amma wanda aka ba aikin aji ko kundin kammala digiri a kan irin wannan kalma, kintace ba zai fisshe shi ba. Akwai hanyar da ake bi a gano ma'anonin kalmar da asalinta daga nan Sakkwato ba tare da an taka ƙasar Ingila ba, kuma domin a ga hanyar a aikace na ɗauki kalma guda, wato *nesh*, in bi ta daga farko har inda sawunta ya ɓace. A yau mutanen tsakiya da arewacin Ingila suna kiran mutum *nesh* idan ba ya jure sanyi, irin wanda tun hunturu bai kankama ba ya riga ya ɗaura rawani ya haɗa rigar sanyi biyu yana neman bakin wuta.

Kafin a buɗe kowane littafi akwai wata fahimta da ya kamata a gyara, wadda ita ce ɗaukar karin harshe a matsayin gurɓatacciyar magana ta marasa ilimi. Basakkwace ya fi kowa dacewa da ya gane kuskuren da ke cikin wannan. Idan mutumin Sakkwato ya ce *zamna* da *sabka* da *amre*, inda daidaitacciyar Hausa ke cewa *zauna* da *sauka* da *aure*, ba shi ne ya ɓata kalmomin ba. Tun a ƙarshen shekarun 1920 wani masanin harsuna Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa lafazin yamma shi ne tsohon, kuma a Hausar gabas ne baƙin da ke ƙarshen gaɓa ya narke ya koma wasali. Haka abin yake a Ingila. Daidaitaccen Turanci ya ginu ne bisa maganar Landan da kewayenta, ya yar da kalmomi masu yawa a hanya, ƙauyuka kuwa suka ci gaba da riƙon su. Saboda haka mai bincike ya shiga aikin da zaton cewa kalmar da ke gabansa tana iya girmar wadda ya saba gani a jarida da ɗaruruwan shekaru.

Aikin farko shi ne a kwafe jimlar da kalmar ta fito a ciki gaba ɗayanta, ba kalmar ita kaɗai ba, sa'an nan a rubuta abu uku a ƙarƙashinta: shekarar da aka buga littafin, yankin da labarin ya faru, da kuma wanda ya furta maganar da wanda ya faɗa wa. Ɗalibai suna raina wannan mataki, alhali shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Ga misali. A littafin D. H. Lawrence mai suna *Sons and Lovers*, wanda ya fito a 1913, magidancin gidan mai haƙar kwal ne, ya fito daga wanka a ɗakin wanke-wanke mai tsananin sanyi yana rawar ɗari, matarsa ta ce masa ya daina raki domin babu wani sanyi, shi kuma ya mayar mata da cewa da ita ce ta tuɓe a wurin da faɗuwa za ta yi ta sandare, ya kira jikinta *nesh*. Lawrence ɗan garin Eastwood ne a gundumar Nottinghamshire, mahaifinsa ma haƙar kwal yake yi, don haka wannan shaida ce daga wanda ya tashi da kalmar a kunnensa. Daga wannan wuri ɗaya an riga an san cewa kalmar sifa ce, tana da alaƙa da sanyi, kuma akwai ɗan zolaya ko gori a cikinta. Idan aka ja baya zuwa 1848 za a same ta a littafin Elizabeth Gaskell mai suna *Mary Barton*, a bakin ma'aikacin masaƙa na Manchester, shi ma a kan batun kamuwa da sanyi, har aka sa mata bayani a ƙasan shafi saboda an san masu karatu na Landan ba za su gane ta ba. Shaidu biyu ke nan masu shekara da wuri, kuma da su za a tunkari ƙamus.

Ƙamusun da ake fara dubawa shi ne *English Dialect Dictionary* na Joseph Wright, wanda ya fito cikin juzu'i 6 daga 1898 zuwa 1905, da kalmomi kimanin 70,000. Sanin ko wane ne Wright yana taimakawa wajen sanin darajar aikin. An haife shi a 1855 a Thackley kusa da Bradford, ya fara aikin ƙarfi yana ɗan shekara shida yana jan jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa a Saltaire, kuma sai da ya kai kimanin shekara goma sha biyar kafin ya iya karatu sosai. Wannan yaro ne ya je Heidelberg a Jamus ya sami digirin digirgir a 1885, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Ya gaji tarin ƙananan littattafan kalmomi da ƙungiyar English Dialect Society, wadda Walter Skeat ya kafa a 1873, ta tattara daga gundumomi, ya ƙara da amsoshin masu aiko masa da bayani daga ko'ina cikin ƙasar, kuma da ya rasa kamfanin da zai ɗauki nauyin bugawa sai ya zuba kuɗinsa. Littafin ya tsufa har ya fita daga haƙƙin mallaka, saboda haka ana samun hotunan shafukansa kyauta a Internet Archive, sa'an nan Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ta mayar da shi wanda ake bincikawa a intanet da sunan EDD Online. Kalmarmu tana juzu'i na 4, wanda ya ƙunshi haruffan M zuwa Q. Shawarata ita ce a sauke juzu'in da ake buƙata sau ɗaya a ajiye a kwamfuta, domin rubutun ƙanana ne ƙwarai, karanta shi a fuskar waya azaba ce, ga cin data.

Shafin Wright yana firgita wanda bai saba ba, don haka ya kamata a san tsarinsa. Kalmar tana zuwa da manyan haruffa, sai alamar ajinta a nahawu, sai jerin gundumomin da aka ji ta a taƙaice: Yks. na nufin Yorkshire, Lan. Lancashire, Chs. Cheshire, Stf. Staffordshire, Der. Derbyshire, Not. Nottinghamshire, Shr. kuma Shropshire. Ƙaramin harafin da ke gaban sunan gunduma yana nuna shiyya, misali w.Yks. yammacin Yorkshire ke nan, ƙaramar lambar da ke maƙale a sama kuwa tana nuni ga takamaiman littafin da aka ɗauko kalmar, wanda cikakken sunansa ke cikin juzu'i na ƙarshe. Bayan haka sai sauran hanyoyin da aka rubuta kalmar, sai ma'anoni ɗaya bayan ɗaya da lambobi, kowace da jimlolin shaida, can ƙarshe kuma a sami ɗan taƙaitaccen bayanin asali. Kada a yi tsalle zuwa wannan bayani na ƙarshe a kwafe a tafi, kamar yadda masu gaggawa ke yi. A ɗauki taswirar gundumomin Ingila ta da, ba ta yanzu ba domin an sauya iyakoki a 1974, a ɗiga alama a kowace gundumar da aka ambata. Wanda ya yi haka da *nesh* zai ga cewa a zamanin Wright ta fi yaɗuwa fiye da yau, domin ta kai har kudu maso yamma, wajen Dorset da Somerset. A kuma lura da sauran rubuce-rubucenta, irin su *nash* da *naish* da *nish*, domin mutanen da suka rubuta maganar karkara kowa da yadda kunnensa ya ji, kuma wanda ya nemi siffa ɗaya tak zai rasa rabin shaidunsa.

A nan ne za a gane cewa kalmar ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Manoma sun yi amfani da ita ga ciyawa ko ganye mai taushi da ruwa-ruwa, masu haƙar ma'adinai sun kira kwal ko dutse mai saurin marmashewa da ita, an faɗe ta ga mai raunin jiki da yawan laulayi, ga mai tsirfar abinci, ga matsoraci, sa'an nan ga mara jure sanyi. Abin da ake so shi ne a rubuta kowace ma'ana a takardarta daban tare da shekarar shaida mafi tsufa da aka samo mata, a jera takardun bisa shekaru, a duba wace ce ta haifi wace. A wannan kalma zaren a fili yake: daga taushin abu aka koma taushin jiki, daga taushin jiki aka koma rashin juriya, daga ƙarshe rashin juriyar ya taƙaita ga sanyi. Sai dai a ra'ayina bai kamata a karɓi irin wannan jeri don kawai ya yi daɗin ji ba, sai shekarun shaidu sun goyi bayansa.

Wright bai wuce maganar shekaru ɗari biyu kafin zamaninsa ba, don haka daga wurinsa sai a ja baya mataki-mataki. Masana sun kasa tarihin Turanci kashi uku: tsohon Turanci daga zuwan ƙabilun Angil da Sakson a ƙarni na 5 zuwa wajen 1100, Turancin tsakiya daga bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066 zuwa wajen 1500, sai Turancin zamani. Na tsakiya yana da ƙamusunsa, *Middle English Dictionary* na Jami'ar Michigan a Amurka, wanda aka kammala a 2001 kuma kyauta ne a intanet. A wancan zamani babu tsayayyiyar ƙa'idar rubutu, don haka a gwada *nesche* da *nesshe* da *neshe* har a dace. Abin da za a tarar shi ne kalmar ba ta karkara ba ce a lokacin, kalmar kowa ce, malamai da mawaƙa suna rubuta ta a matsayin kishiyar *hard*, wato mai tauri, har akwai salon magana da ke haɗa su biyun da nufin kowane hali, kamar yadda mu ke cewa da daɗi ba daɗi. Wannan binciken shi ne yake amsa tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko kalmar a ƙauye aka ƙirƙire ta ko kuwa birni ne ya yar da ita ƙauye ya riƙe.

Mataki na gaba shi ne ƙamusun tsohon Turanci na Bosworth da Toller, wanda ya fito a 1898 aka yi masa ƙari a 1921, shi ma yana intanet kyauta. A nan ɗalibi da yawa ke sarewa, domin zai duba ƙarƙashin harafin N bai sami abin kirki ba, ya ɗauka sawun ya ɓace. Kalmar tana ƙarƙashin H ne, a siffar *hnesce*, da ma'anar mai taushi ko mai laushi. Dalili shi ne tsohon Turanci yana da kalmomi masu farawa da *hn* da *hl* da *hr*, daga baya *h* ɗin ya faɗi a dukkansu: *hnutu* ta zama *nut*, *hnecca* ta zama *neck*, *hlaf* ta zama *loaf*, *hring* ta zama *ring*. Haka nan abin da suke rubutawa *sc* shi ne ya zama *sh*, shi ya sa *scip* ta zama *ship*, *fisc* ta zama *fish*. Idan aka ɗora waɗannan ƙa'idoji biyu a kan *hnesce*, aka kuma tuna cewa wasalin ƙarshe ya daina furtuwa a ƙarshen zamanin tsakiya, abin da zai rage shi ne *nesh* daidai wa daida. Wannan shi ne ma'aunin da ake auna kowane iƙirari na asali da shi: dole kowane sauyin sauti da aka ce ya faru da kalmar ya zama ya faru da wasu kalmomi masu irin ginin ta. Sauyin da kalma ɗaya tak ta yi a duk harshen abin tuhuma ne.

Wannan *sh* na ƙarshe yana warware wata tambaya kuma. Kalmomin arewacin Ingila da yawa ba daga tsohon Turanci suke ba, daga harshen Norsawa ne, mutanen Sikandinebiya da suka kai hari a tsibirin Lindisfarne a 793 suka kuma zauna a arewa da gabas a ƙarni na 9. Daga gare su aka sami *beck* mai nufin rafi da *laik* mai nufin wasa. Harshensu ya riƙe *sk* inda Turanci ya koma *sh*, shi ya sa *shirt* da *skirt* tushensu ɗaya amma ta biyu ta bakin Norsawa ta shigo. Tun da kalmarmu da *sh* ta ƙare, lafazinta na gida ne, kuma taswirar da aka ɗiga tun farko ta ƙarfafa haka, domin an sami kalmar a kudu maso yamma inda Norsawa ba su zauna ba.

Wanda yake son ya ƙara nisa sai ya nemi dangin kalmar a sauran harsunan da suka haɗa kaka da Turanci. Mafi tsufa a cikinsu a rubuce shi ne harshen Gotawa, wanda wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya fassara Linjila da shi a ƙarni na 4, kuma a can akwai *hnasqus*, wadda aka yi amfani da ita a Matiyu 11:8 inda ake maganar tufafi masu laushi. Mai fassarar wannan aya zuwa tsohon Turanci shi ma *hnesce* ya sa a wurin. Daga nan ya kamata a dakata. Idan ƙamus ya kawo wata siffa da alamar tauraro a gabanta, ma'anarta ita ce ba a taɓa samun ta a rubuce ba, masana ne suka gina ta ta hanyar kwatanta harsuna, kuma wajibi ne mai kundi ya faɗi haka idan ya ambace ta.

Tarko mafi kama mutane shi ne kamannin sauti. Akwai kalmar Latin *nescius*, mai nufin wanda bai sani ba, wadda farkonta ya yi kama da *hnesce* ƙwarai, kuma daga gare ta ne *nice* ta fito ta hanyar Faransanci, ta shigo Turanci wajen 1300 da ma'anar wawa ko sakarai. Mai gaggawa zai haɗa su nan take, alhali *nescius* haɗin *ne* ce ta korewa da *scire* ta sani, kuma kalmarmu tana Ingila ɗaruruwan shekaru kafin Normandawa su kawo Faransanci. Da irin wannan hanya wani zai iya cewa daga *nesa* ta Hausa aka samo ta, kuma hujjarsa ba za ta fi waccan rauni ba. Tarko na biyu shi ne ɗaukar shekarar shaidar farko a matsayin shekarar haihuwar kalma, alhali mutane sun daɗe suna faɗar ta kafin wani ya rubuta. A kuma bambance shekarar da aka wallafa aiki da shekarar da aka kwafe takardar da ta iso gare mu, abin da duk wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ya sani, domin mai kwafa yakan sa lafazin garinsu a maganar wanda ya riga shi. Don tabbatar da shekaru a duba *Oxford English Dictionary*, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu mai juzu'i 20 ya fito a 1989. Na intanet na kuɗi ne, don haka a tambayi ma'aikatan ɗakin karatu abin da suke da shi.

Saura a gano ko kalmar na da rai. Daga 1950 zuwa 1961 Harold Orton na Jami'ar Leeds, wanda suka tsara aikin tare da Eugen Dieth na Zurich, ya tura masu bincike wurare 313 a karkarar Ingila da tambayoyi kimanin 1,300, suka zauna da tsofaffi, galibi maza manoma waɗanda suka yi yawancin rayuwarsu a ƙauyensu. Dabararsu abar koyi ce: ba sa furta kalmar da suke nema, sai su siffanta abin su bar tsohon ya kira shi da bakinsa. Wanda yake da ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu a Sheffield ko Nottingham ko Manchester yana iya roƙonsa ya yi haka da 'yan asalin garin, ya tambaye su me suke kiran mutumin da kullum yake kukan sanyi, ya rubuta amsar da kimanin shekarun mai amsawa da garin da ya tashi. Idan aka fara faɗa masa kalmar aka ce ko ya san ta, zai ce i don kara, kuma wannan ba shaida ba ce. Ta irin wannan sauraro ne ake jin sabon amfani, kamar yadda masu kallon ƙwallo a wasu garuruwan suka mayar da ita aikatau ga ɗan wasan da ya ji tsoron karo ya janye ƙafa. A leƙa ƙetare ma, domin masuntan kudu maso yammacin Ingila da suka zauna a Newfoundland ta ƙasar Kanada sun tafi da ita, kuma ana samun ta can a siffar *nish* da ma'anar mai taushi ko mai rauni.

Wajen rubuta sakamakon, a juya tsarin binciken: an yi aikin daga yau zuwa da, amma a rubuce sai a faro daga *hnesce* a gangaro, kowane zamani da siffarsa da ma'anarsa da shaida ɗaya mai shekara, a ware abin da aka gani da ido a ƙamus daga abin da aka fahimta da kai. Kada a ce ma'anar da ita ce ta gaskiya ta yau kuma kuskure, domin mai haƙar kwal na Lawrence ba taushin tufafi yake nufi ba. Malamin da zai bayyana wa 'yan aji wannan wuri da Hausa yana iya cewa mai rakin sanyi, tun da raki ya ɗauko rashin juriyar da ɗan gorin da ke ciki, amma idan a maganar manomi ya same ta a kan ciyawa, sai ya ce ɗanya mai taushi, ya kuma nuna musu lambar ma'anar a shafin Wright.